Tarzoma da Yamutsi a Ƙagaggun Labaran Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Akwai wata unguwa a birnin Sakkwato da ake kira Gidan Igwai. Yaran da aka haifa a cikinta suna faɗin sunan kullum ba tare da sun tsaya sun saurari kalmar da ke cikinsa ba, amma baƙo mai kunnen Hausa in ya ji, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne igwa, wato babbar bindigar nan da ake rushe ganuwa da ita. Daga wannan unguwa ake rubuta maƙalar nan, kuma sunan nata ya dace da abin da za a tattauna, domin da ƙarar igwa wannan birni ya shiga ƙarni na 20.

Manufar maƙalar ita ce a duba yadda ƙagaggun labarai suka ba da labarin mutanen da tashin hankalin siyasa ya rutsa da su a ƙasar Hausa, musamman ƙasar Sakkwato. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga 1934 marubutanmu suna taɓa wannan jigo, sai dai kusan duk sa'ad da suka taɓa shi sukan nisanta shi daga mai karatu. Wani ya kai labarin wata ƙasa, wani ya mayar da shi zamanin da, wani ya sakaya sunaye, na baya-bayan nan kuma sun rubuta da Turanci. Za a fara da abin da tarihi ya adana, sannan a bi littattafan daki-daki, daga nan a kawo misalin ƙasar Yukiren don a kwatanta.

2.0 Abin da Tarihi Ya Adana

Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta gwabza da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Masu takobi da mashi suka tari igwa da bindiga mai ruwa, yaƙin bai daɗe ba. Waziri Buhari ya zaɓi sulhu don a tsirar da jama'a, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa malamai hujjarsa. Shi kuwa Attahiru ya yi hijira gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, zuriyarsu na nan a Mai Wurno a ƙasar Sudan.

Shekara uku bayan haka aka yi boren Satiru, wani ƙauye mai nisan kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. Mutanensa talakawa ne, da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, sun taru a kan aƙidar Mahadiyya ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, wanda ya ƙetaro daga yankin da Faransa ke mulki. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 suka fatattaki ayarin sojan doki da fartanya da gatari da baka, suka kashe Turawa uku, wato Hillary da Scott da Blackwood, da sojoji baƙar fata fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka koma musu da babbar runduna, tare da dawakin Sakkwato. An kashe mutum kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara aka rarraba su, aka baje garin, aka kuma la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, suna neman diyyar gonakinsu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa sun kawo adadin da ya haura 380. A Nuwamba 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, birnin Sakkwato ya yamutse na kwanaki sa'ad da aka naɗa Ibrahim Dasuƙi alhali jama'a sun riga sun ji sunan Muhammadu Macciɗo. A Yuli 2007 aka harbe Malam Umaru Ɗanmaishiyya, abin da ya jawo rikici da kame da rushe-rushe a cikin gari.

Masana tarihi, irin su Adeleye da Lovejoy da Hogendorn a kan Satiru, da Beckman a kan Bakolori, sun yi aiki mai yawa. To amma kayan aikinsu rahotannin Razdan ne da takardun hukuma da hira da dattawa, saboda haka sun adana mana sunayen Turawa ukun da suka mutu, mutum 2,000 kuwa sun zama adadi. Yarinyar da aka kora daga Satiru tana da shekara bakwai, aka ba da ita wani gida a wani gari, ta girma ta yi aure ta haihu ba ta taɓa faɗin inda ta fito ba, babu takardar da za a same ta a ciki. Irin wannan mutum ƙagaggen labari ne kaɗai ke iya ba shi suna da murya. Da wannan ma'auni za a auna littattafan da ke tafe.

3.0 Littattafan Gasar 1933

Kamar yadda aka sani, ƙagaggun labaran Hausa na boko sun samo asali ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ya kamata a riƙe abu biyu a rai. Na farko, hukumar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, littattafan kuma don makarantunta aka nufa. Na biyu, tsakanin Satiru da gasar shekara 27 ce kacal, wato waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu. Duk da haka babu ɗaya daga cikin littattafan biyar da ya ɗauki Satiru a matsayin jigo.

3.1 Ganɗoki

Littafin Malam Bello Kagara shi ne ya fi kusantar wutar. Tauraronsa jarumi ne na Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, kuma kashin farko na littafin yana tafe ne a kan turbar tarihi: ga sunayen garuruwa na gaskiya, ga sarakuna na gaskiya, ga Turawa ana kai musu sara ana kirari. Ba ƙaramin abu ba ne a ce an buga irin wannan a maɗaba'ar waɗanda aka yaƙa. Amma da aka ci ƙasa, sai marubucin ya fitar da jaruminsa daga cikinta. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, labari ya koma na aljannu da dodanni da ƙasashe masu nisa, inda takobi ke da sauran amfani. Da suka komo gida sai suka tarar da zaman lafiya da makarantu da abubuwan zamani.

Abin lura shi ne shekarun da Ganɗoki ya yi ba ya nan. Su ne shekarun haraji da aikin tilas na hanyar jirgi da boren talakawa, su ne kuma littafin ya tsallake. Ba laifin Malam Bello ake nema ba, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi kuwa malamin makarantar gwamnati ne, ya faɗi iyakar abin da zamani ya bari a faɗa. Sai dai ya bar wa na baya wata dabara, wato in magana ta kai inda ba ta faɗuwa, a ɗauke tauraro a kai shi wani wuri.

3.2 Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya dabam. Babu jarumi a littafinsa. Akwai yaro da aka sace, da Makau wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙazafi aka kore shi, da uwa wadda ta fita neman ɗanta ta faɗa hannun masu fataucin bayi, aka ƙetara Sahara da ita har Tarabulus, ta ga ɗan nata bayan shekaru sannan ta cika. A cikin adabinmu na farko babu inda aka nuna abin da yamutsin ƙasa ke yi wa iyali ɗaya kamar a nan, kuma wannan ne ya sa littafin ya jure fassarar Hiskett ta 1967 da fim ɗin Adamu Halilu na 1976. To amma zamanin da aka zaɓa shi ne na harin bayi, kafin zuwan Turawa. Zaluncin da ke ciki na mutanen da ne, irin wanda hukumar lokacin ke alfahari da cewa ita ta kawar. Mai karatu na 1934 yana iya zubar da hawaye ba tare da ya tuhumi kowa daga cikin masu mulkinsa ba.

4.0 Zamanin Jam'iyyu da Bayansa

Daga kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, ƙasar Hausa ta ga ɗauri da bulala a kotunan En'e, da tarzomar Kano ta Mayu 1953, da rabuwar dangi saboda jam'iyya. Daga nan aka shiga yamutsin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wanda ya nemi waɗannan abubuwa a adabin Hausa na lokacin, a waƙa zai fi samun su. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun yi magana ƙiri-ƙiri, kamar yadda tun farko aka sami waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Attahiru kansa. Dalilin a fili yake. Waƙa ba ta bukatar maɗaba'a, ana haddace ta a rera a dandali, kuma tana da tsohuwar al'adar wa'azi da gargaɗi tun zamanin masu jihadi. Littafin zube kuwa sai ya bi ta Gaskiya ko NORLA, sannan ya jira a sa shi a manhajar makaranta. Sai dai waƙa tana magana ne da yawun jama'a ko jam'iyya. Ba aikinta ba ne ta bi mutum ɗaya har cikin ɗakinsa ta nuna tsoronsa da nadamarsa.

Farkon shekarun 1980 ne rubutun zube ya waiwayo. A cikin littattafan da gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta fitar a 1982, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona yadda ɗan fasa-ƙwauri ke saye ma'aikatan hukuma, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya nuna abin da bindigogi da tsofaffin sojojin da yaƙin basasa ya bari ke iya haifarwa, ta hanyar tauraronsa Mailoma. A 1983 Sulaiman Ibrahim ya fitar da Tura Ta Kai Bango, wanda shi ne mafi kusa da abin da za a kira labarin boren siyasa a Hausa, domin jigonsa shi ne tashin talakawa a kan masu danne su. A nan zamanin na marubuci ne, ƙasar ma tasa ce. Abin da ya rage na nisantarwa shi ne sakaya suna. Jam'iyyun na ƙage ne, ko da yake mai karatu na Jamhuriya ta Biyu ba ya bukatar a gaya masa wace ce PRP wace ce NPN. Bakolori ta faru shekara biyu kafin fitowar littattafan gasar, amma babu wanda ya mayar da ita jigonsa.

Adabin Kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya kuɓutar da marubuci daga maɗaba'ar hukuma, ya kuma buɗe wa mata ƙofa. Ƙarfinsa ya fi tafiya ga rikicin cikin gida, wato aure da kishi da gado, kamar yadda ake gani a littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Wannan ma tarihi ne mai daraja, sai dai yamutsin titi ya kasance a bayan fage.

5.0 Sakkwato da Harshen Turanci

Littafin da ya kira Sakkwato da sunanta ya kuma sa ta cikin yamutsi shi ne Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015. Ya tsiro ne daga wani gajeren labarinsa, Bayan Layi, da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013. Mai ba da labarin almajiri ne, Ɗantala, wanda ya gama karatun allo ya faɗa cikin yaran gindin kuka da 'yan siyasa ke haya a zaɓen 2003. Bayan an ƙone ofishin jam'iyya an harbe abokinsa Banda, sai ya hau mota ya gudo Sakkwato, ya sami mafaka a masallacin tasha wurin Shaihu Jamal. Daga nan mai karatu zai bi shi ya ga mahaifiyarsa da ta daina magana bayan ambaliya ta ci 'ya'yanta mata, da 'yan'uwansa da bambancin aƙida ya raba su da shi, da yadda Malam Abdul-Nur ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu makami, har zuwa kisan Shaihu da shigowar sojoji da tsare Ɗantala. Mutumin Sakkwato da ya ga 2007 zai gane iskar da ke kaɗawa a littafin.

A shekarar kuma Abubakar Adam Ibrahim ya fitar da Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar NLNG ta 2016. Hajiya Binta ta rasa mijinta a rikicin Jos, yarinyar da take riƙo, Fa'iza, ba ta iya ganin jini saboda abin da ta gani, Reza kuma shugaban 'yan bangar siyasa ne. Littattafan biyu sun cika ma'aunin da aka kafa a sama, domin sun ba talaka suna da murya, a zamaninsa, a garinsa. Amma fa da Turanci. Ɗantala da Hausa yake tunani, da Hausa yake kuka, amma almajirin da ke kwana a tashar Sakkwato yau, ko mai shayin Gidan Igwai, ba zai iya karanta labarin da aka rubuta a kansa ba. An kusanto ta fuska uku, an nisanta ta fuska ta huɗu.

6.0 Misalin Yukiren

Kwatanci da wata ƙasa zai taimaka a ga cewa wannan hali ba dole ba ne. Ranar 21 ga Nuwamba 2013 jama'a suka fara taruwa a Dandalin 'Yanci na birnin Kiyef, bayan gwamnatin Yanukovych ta fasa sa hannu a yarjejeniya da Tarayyar Turai. Daga 18 zuwa 20 ga Fabrairu 2014 aka yi kisa mafi muni, masu zanga-zangar da suka mutu gaba ɗaya sun kai kimanin 100, shugaban ya gudu. Rasha ta ƙwace Kirimiya a Maris, yaƙi ya ɓarke a Donbas, ya faɗaɗa ranar 24 ga Fabrairu 2022.

Marubutan ƙasar ba su jira ƙura ta lafa ba. A 2017 Serhiy Zhadan ya fitar da labarin wani malamin makaranta da ba ruwansa da siyasa, wanda ya yi kwana uku yana ratsa fagen fama don ya ɗauko ɗan 'yar'uwarsa daga makarantar kwana. A 2018 Andrey Kurkov ya ba da labarin mai kiwon zuma a ƙauyen da ke tsakanin rundunoni biyu, inda mutum biyu kaɗai suka rage, shi da abokin gabarsa na ƙuruciya. Zhadan da harshen Yukiren ya rubuta, Kurkov da na Rasha, wato harsunan da mutanen cikin labarin ke magana da su, sai daga baya aka fassara wa duniya. Littafin Kalani Pickhart na 2021 a kan mutum huɗu a zanga-zangar Kiyef, wanda Ba'amurkiya ta rubuta da Turanci, ya zo ne a matsayin ƙari a kan abin da 'yan gida suka riga suka faɗa. Kuma harshen Yukiren ɗin nan shi ne wanda daular Rasha ta taƙaita buga littattafai da shi a 1863, ta ƙara tsanantawa a 1876. Hausa ba ta taɓa fuskantar irin wannan hani ba, hasali ma tana da jarida tun 1939.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jigon yamutsi tsoho ne a ƙagaggun labaranmu, kuma kowane zamani ya rage tazarar da na gabansa ya bari, amma har yanzu da saura. Dalilan tazarar suna da tushe: maɗaba'ar hukuma, da kasuwar makarantu, da tsoron masu iko, da kuma kara, domin a gari kamar Sakkwato jikan wanda ya hau doki zuwa Satiru da jikan wadda aka kora daga can suna iya zama maƙwabta, ko ma surukai. Duk da haka kara ba ta hana Tafawa Ɓalewa nuna fuskar mai sayar da bayi ba.

Akwai aiki iri biyu a gaban sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na farko, a mayar da littattafan Turancin nan zuwa harshen da mutanen cikinsu ke magana da shi. Na biyu, wanda ya fi gaggawa, a tura ɗalibai su naɗo bakin shaidu, a kuma ajiye abin da suka naɗo inda marubuta za su same shi. Shaidun Satiru sun riga sun ƙare, sai abin da jikoki suka ji. Na Bakolori kuwa suna nan a ƙauyukan Talatar Mafara da Maradun, amma wanda yake ɗan shekara 20 a 1980 yau ya haura 60. Allah ya sa a same su kafin ƙasa ta rufe idonsu, amin.

Gidan Igwai, Sakkwato.